Wace bindiga ce ta cancanci shiga rukunin PCC a gasar harbi, kuma wa ke yanke hukunci?

Me ya sa mutum zai shiga gasa da bindigarsa a wannan makon lafiya lau, a mako mai zuwa ya je wata gasar da ita, bai canza ko kusa ɗaya a jikinta ba, a ce masa ba ta cancanta ba? Tun da rukunin PCC ya bunƙasa a wasannin harbi ake ta wannan taƙaddama. Wasu na cewa ƙa'idojin son rai ne kawai na shugabannin ƙungiyoyi, wasu kuma na ganin dabara ce ta kamfanoni don a riƙa sayen sabbin kaya. Ni dai abin da na fahimta shi ne, ƙofofi uku ne bindiga ke wucewa kafin a bar ta ta yi harbi a gasa, kuma kowace ƙofa da mai gadinta: dokar ƙasa, lafiyar filin harbi, sai adalci tsakanin 'yan wasa. Yawancin musun da ake yi ya samo asali ne daga ɗora wa ƙofa ɗaya laifin wata.

## Mece ce PCC?

PCC gajarcen suna ne na bindigar da ake kafawa a kafaɗa kamar doguwar bindiga, amma harsashin da take ci na ƙaramar bindigar hannu ne. Tunanin ba sabo ba ne. Bindigar Winchester ta 1873 tana cin harsashin .44-40, daga baya kamfanin Colt ya ƙera ƙaramar bindiga mai cin irinsa, don mutum ya riƙe harsashi iri ɗaya ya ciyar da bindigogi biyu. Na zamani galibinsu suna cin 9x19, harsashin da Georg Luger ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20. Waɗanda aka fi gani a fili su ne masu ƙirar doguwar bindigar Amurka ta AR da aka mayar su 9mm, da SIG MPX, da CZ Scorpion Evo 3, da Ruger PC Carbine.

Amfaninta a fili yake. Ƙaramar bindiga hannu biyu kaɗai ke riƙe ta, ita kuwa wannan tana da wurin dafawa huɗu: hannu biyu, kafaɗa da kumatu. Nauyinta yana shanye bugun baya, bakinta ba ya tsalle sosai, don haka sabon shiga ma yana iya samun abin da ya saita a nesa, inda sai gwani ke samu da ƙaramar bindiga.

Ƙungiyar gasar harbi ta Amurka, USPSA, ta buɗe mata rukuni na gwaji a 2016, kuma ta saka ta ne cikin gasar ƙananan bindigogi, a fili ɗaya, kan alluna ɗaya. IPSC kuwa, uwar ƙungiya ta duniya da aka kafa a 1976 a garin Columbia na jihar Missouri ƙarƙashin Jeff Cooper, ta ware mata fanni mai zaman kansa, har aka yi gasar duniya ta farko ta PCC a Znojmo na Jamhuriyar Czech a 2025. IDPA, wata ƙungiyar harbi ta Amurka da aka kafa a 1996, da Steel Challenge, gasar harbin faranten ƙarfe cikin sauri, su ma kowace da nata tsarin. Littattafai huɗu ke nan, kuma ba su faɗi abu ɗaya ba.

## Harsashi: inda filin harbi ke da ta cewa

Abu na farko da alƙalin kayan wasa ke dubawa shi ne harsashi, tun kafin ya kalli bindigar. USPSA ta lissafa guda biyar: 9mm, .357 SIG, .40 S&W, 10mm da .45 ACP. Jerin IPSC ya ɗan bambanta, domin akwai .38 Super da 9x21 a ciki. Shi 9x21 yana nan ne saboda a da ƙasashe irin su Italiya sun daɗe suna hana farar hula riƙe ƙaramar bindiga mai cin 9x19, don ana ɗaukarsa harsashin soja, sai aka ƙara wa kwanson tsawon milimita biyu aka kauce wa haramcin.

Bayan jerin sunaye akwai iyakar gudu. A USPSA harsashi ba zai wuce ƙafa 1,600 a daƙiƙa ba, a IPSC kuwa mita 500 a daƙiƙa, wato kusan ƙafa 1,640. Mutane da yawa suna zaton an saka wannan ne don kada wani ya fi wani, alhali babu ruwan adalci a ciki. Faranten ƙarfen da ake harbi a gasar ƙananan bindigogi ana iya kafa su kusa, har mita bakwai daga mai harbi. Idan harsashi mai matsakaicin gudu ya bugi ƙarfe mai santsi, tarwatsewa yake yi ya zube gefe. Mai tsananin gudu kuwa yana yi wa ƙarfen rami, kuma da zarar fuskar farantin ta yi ramuka, ba wanda ya san inda ɓarɓashin harsashi na gaba zai nufa, yana iya dawowa kan mai harbi ko alƙalin da ke bayansa. Ga kuma asarar kulob, don ƙarfen ba araha gare shi ba. PCC baƙuwa ce a filin da aka gina wa ƙaramar bindiga, dole ta bi tsarin masu gida.

Wannan ne ya fitar da wasu bindigogin da mutum zai rantse sun cancanta. M1 Carbine ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu gajera ce, marar nauyi, amma harsashinta na .30 Carbine yana gudun kusan ƙafa 2,000 a daƙiƙa, ya zarce iyaka. Harsashin 5.7x28 akwai ƙananan bindigogi masu cin sa, sai dai ba ya cikin jerin, kuma lissafin da za mu gani a ƙasa ma ya kayar da shi. Harsashin .22 yana da nasa fannin daban.

## Ma'aunin ƙarfi, da yadda ake gwada shi

Kamar yadda aka yi wa gudu rufi, haka aka yi wa ƙarfi bene. Ana auna nauyin ƙwayar harsashi da ma'aunin giren (giren 124 kusan giram takwas ne), a ninka da gudunsa a ƙafa cikin daƙiƙa, a raba da dubu. Ƙwaya mai giren 124 da ke gudun ƙafa 1,050 tana ba da 130.2. Mai giren 115 da ke gudun 1,080 tana ba da 124.2. A USPSA da IPSC mafi ƙaranci shi ne 125, don haka na farko ya wuce, na biyu ya faɗi da ƙasa da maki ɗaya. IDPA ta ɗaga nata zuwa 135 a wannan rukuni. Steel Challenge ba ta neman ma'aunin ƙarfi ko kaɗan, tunda a can faranten ba sa faɗuwa, a dai taɓa su. Ƙwayar 5.7x28 mai giren 40 kuwa sai ta yi gudun ƙafa 3,125 kafin ta kai 125, kusan ninki biyu na abin da aka yarda da shi.

Dalilin benen yana cikin taken IPSC na Latin, wanda ya haɗa daidaito, ƙarfi da sauri. Da babu shi, kowa zai rage albarushi har bindiga ta daina motsi a hannu, wasan ya koma na saurin yatsa. Faranten da ake kayarwa ma an daidaita su ne da ƙarfin da ke kusa da wannan adadi.

A manyan gasa ba a yarda da abin da aka rubuta a kwali. Ana karɓar harsashi takwas daga hannun ɗan wasa, a zare ƙwayar ɗaya a ɗora a sikeli, a harba uku ta cikin na'urar auna gudu da bindigarsa shi kansa, a ɗauki matsakaici. In bai kai ba, akwai sauran harsasan da za a sake gwadawa da su. In duk da haka bai kai ba, zai iya ci gaba da harbi amma makinsa ba ya shiga lissafi. Ka yi tafiya, ka biya kuɗin shiga, ka koma ba sunanka a allo.

A nan akwai wani abu da sababbi ke mantawa. Dogon bututu yana ƙara wa harsashi gudu, don albarushin yana samun lokacin ƙonewa. Harsashin da ya ba da 128 a ƙaramar bindiga yana iya haura 140 a bututu mai inci 16, abin da ke ƙara bugun baya ba tare da ƙarin maki ba. Shi ya sa masu haɗa harsashinsu da kansu suke rage shi ya sauko kusa da 130. Haɗarin kuma shi ne wanda ya gwada harsashinsa a dogon bututu sannan ya koma gajere bai sake aunawa ba, ko ya auna da rana tsaka gasa ta zo da sanyin asuba. Masu hankali suna barin rata ta maki biyar zuwa goma.

Sai batun aji. A wasu rukunonin ƙananan bindigogi akwai babban aji ga mai harsashi mai ƙarfi, wanda a USPSA ke farawa daga 165. Tsakiyar allo maki biyar ne ga kowa, amma zobe na biyu huɗu ne ga babban aji, uku ga ƙarami, na waje kuma biyu da ɗaya. A PCC an rufe wannan ƙofa, kowa ƙaramin aji ne, ko da .45 ACP yake harbawa. Sakamakon haka kusan kowa ya koma 9mm, mafi araha kuma mafi sauƙin bugu. Sauran sunayen da ke cikin jerin suna nan ne a takarda.

## Ƙota da tsawon bututu: ƙofar gwamnati

Ƙa'idar USPSA a nan gajera ce: bindiga ta kasance ana iya harba ta daga kafaɗa, kuma ba a ƙayyade mata mafi ƙarancin tsawon bututu ba. To me ya sa kusan duk PCC da ake gani a gasar Amurka ke da inci 16? Amsar tana cikin dokar bindigogi ta ƙasa ta 1934. Dokar ta ce duk bindigar kafaɗa da bututunta bai kai inci 16 ba, ko tsawonta gaba ɗaya bai kai inci 26 ba, sai an yi mata rajista ta musamman a ATF, hukumar tarayya mai kula da bindigogi. Shekara da shekaru ana biyan harajin dala 200 a kan haka. Dokar da aka zartar a 2025 ta mayar da harajin sifili daga farkon 2026, amma rajistar tana nan, kuma tsallaka jiha da irin wannan bindiga yana buƙatar izinin hukumar tun kafin tafiya. Ɗan wasan da ke yawo jiha-jiha ba ya son wannan ɗawainiya.

Sai masu ƙira suka samo hanya. Ana yin ainihin bututun gajere, a saka masa wani kube marar nauyi a gaba, a kafe shi da ƙusa a yi masa walda har tsawon ya cika inci 16. A idon doka abin da aka haɗa dindindin yana cikin tsawon bututu, a hannun ɗan wasa kuma gaban bindigar ba nauyi, tana juyawa da sauri daga allo zuwa allo.

Mafi rikitarwa shi ne maɗaurin hannu. A 2012 Alex Bosco ya ƙirƙiro wani abu da ake ɗaurawa a damtse don taimaka wa tsohon soja mai naƙasa ya riƙe babbar bindigar hannu, kuma ATF ta amince cewa saka shi bai mayar da ita bindigar kafaɗa ba. Mutane suka lura cewa yana zama a kafaɗa daram. A 2015 hukumar ta ce kafa shi a kafaɗa sauya fasalin bindiga ne, a 2017 ta sassauta, a Janairun 2023 ta fitar da ƙa'idar da ta mayar da yawancin irin waɗannan bindigogi cikin masu buƙatar rajista, a Yunin 2024 kuma wata kotun tarayya a Texas ta soke ƙa'idar. Ka saka kanka a matsayin mai shirya gasa. Dokarka ta ce a harba daga kafaɗa, gwamnati kuma tana cewa yau kafa wannan abu a kafaɗa laifi ne, gobe ba laifi ba. Shi ya sa ƙa'idar farko ta USPSA ta hana maɗaurin hannu, daga baya aka sake duba ta. Masu zargin ƙungiyoyi da rashin tsayawa kan magana ɗaya a wannan batu ba su yi musu adalci ba, a ganina. Ba su ne ke juya akalar ba.

A wasu ƙasashen ƙofar gwamnati a rufe take ruf. Birtaniya ta haramta dogayen bindigogi masu ɗura kansu, in ban da masu cin .22, a 1988 bayan kisan gillar da aka yi a garin Hungerford, ta kuma haramta yawancin ƙananan bindigogi a 1997 bayan na Dunblane. Masu harbi a can sun koma bindigogin da ake ɗura wa harsashi da hannu bayan kowane harbi, masu cin .38 da .357. Kanada ta saka CZ Scorpion Evo 3, SIG MPX da Beretta Cx4 Storm cikin jerin da ta haramta a Mayun 2020. Umarnin Tarayyar Turai na 2017 ya tsaurara kan doguwar bindiga mai ɗura kanta idan an saka mata gidan harsashi mai cin sama da 10, ko da yake ya bar wa ƙasashe damar ba 'yan wasa masu rajista izini. Littafin IPSC ɗaya ne a duniya, amma abin da ɗan wasa zai iya riƙewa ya dogara da fasfonsa da kuma ƙasar da gasar ta sauka.

## Gidan harsashi: nan ne ainihin musun adalci

USPSA ba ta saka wa PCC iyakar yawan harsashi ba. Ana ɗaukar gidan harsashin Glock mai cin 33 a ƙara masa gindi ya ci 40 ko 50. Mafi tsawon zango, wato sashe ɗaya na gasa, a manyan gasannin USPSA harbi 32 yake buƙata, ma'ana mai PCC yana gama zangon bai taɓa sauya gida ba, har da rarar gyara kuskure. Abin da aka hana shi ne manna gidaje biyu gefe da gefe. In kuma gasar ta faɗo a jihar da doka ta taƙaita yawan harsashi, kamar Kalifoniya ko New York inda iyakar 10 ce, wannan iyaka ta hau kan kowa. IPSC ta tsaya kan 33, wato 32 a gida, ɗaya kuma a cikin bindiga. IDPA ta ce 30.

Masu goyon bayan rashin iyaka suna cewa rukunin na tsere ne, a bar kowa ya nuna iyakar abin da na'ura za ta iya. Masu adawa suna cewa sauya gidan harsashi cikin gudu, da tsara inda za ka sauya, rabin fasahar wasan ne, kuma in an cire shi an rage wasan. Ni na fi karkata ga iyaka. Tana sa wanda ya yi ɓarin harsashi ya biya farashi, tana kuma rage wa sabon shiga kashe kuɗi kan ƙarin gindin da shi ne ya fi yawan cije wa mutane a tsakiyar zango.

## Madubi, kunama da sauran tarkace

Nan babu dogon zance. USPSA rukuni ɗaya gare ta, kuma ta yarda da madubin saiti mai jan ɗigo, da abin rage tsallen baki, da maratayi. IPSC da Steel Challenge sun raba biyu, masu madubi da masu saitin ƙarfe. Kunama kuwa ƙa'idarta ɗaya: ja ɗaya, harsashi ɗaya. Harbin aman wuta ba shi da wuri, haka harbin da ke fita in an ja kunama ya sake fita in an saki. Kwandon da ake saka ƙaramar bindiga a ciki ya ba ta ƙota, irin su Roni, USPSA ta karɓe shi muddin ana iya kafa shi a kafaɗa, sai dai a Amurka yin haka da gajeren bututu ya sake jefa mutum cikin dokar 1934.

Yadda bindigar ke aiki a ciki ba ruwan ƙa'ida da shi, kuma nan kuɗi ke magana. Masu araha suna dogara da nauyin ƙarfen da ke kai da komowa, wanda ke girgiza bindiga. Masu tsada irin su MPX mai aiki da iskar albarushi, ko JP-5 mai jinkirta buɗewa, sun fi laushi a kafaɗa. Dukkansu rukuni ɗaya suke.

Akwai ƙaramin abu da ya fi duk waɗannan korar mutane daga gasa. Ƙaramar bindiga tana da kube a ƙugu, PCC ba ta da shi. Don haka dole a cusa mata wata 'yar tutar roba mai haske a ɗakin harsashi, alamar babu komai a ciki, a ɗauke ta cikin jaka ko a tsaye, baki sama ko ƙasa. Wanda ya fito da ita daga jaka bakinta ya gilma ta kan ƙafarsa ko ta kan wani, gasarsa ta ƙare a wurin, komai cancantar bindigar.

## Ƙorafin masu ƙananan bindigogi

Ba kowa ya yi maraba da ita ba. A USPSA ana raba makin da mutum ya samu da daƙiƙoƙin da ya ɓata, wanda ya samu 90 cikin daƙiƙa 15 yana da 6. Mai PCC ba ya zaro bindiga daga kube, ba ya sauya gidan harsashi, allon nesa ba ya ba shi tsoro, don haka a jerin sakamakon da ya haɗa kowa da kowa sau da yawa sunansa na sama. Amsar ƙungiya ita ce kyauta rukuni-rukuni ake bayarwa, jerin gama-gari na kallo ne kawai. Gaskiya ne, amma ƙorafin yana da wani ɓangare mai nauyi: mai tsara zango yanzu dole ya yi tunanin bindiga mai tsawon hannu. Ba za a fara da ɗan wasa yana riƙe da ita ya juya wa alluna baya ba, inda ake cewa a harba da hannu ɗaya an mayar da shi sauya kafaɗa, matsattsun lunguna da ƙananan tagogi kuma suna zama fitina. Ta wannan fuskar, matakin IPSC na ware mata gasarta ya fi warware matsalar, sai dai ƙaramin kulob da ke da fili ɗaya da 'yan sa-kai ƙalilan ba zai iya shirya gasa biyu a wata ba.

## Abin da wannan ke nufi ga mai son shiga

Mai ƙaramar bindiga da kayansa suka saɓa wa rukuninsa, galibi ana tura shi rukunin Open, wanda ya fi sassauci kan kayan bindiga, ya ci gaba da neman maki. Mai PCC a USPSA ba shi da inda za a tura shi, in bindigarsa ta faɗi sai harbi ba maki. Don haka tsarin saye ya kamata ya bi ta baya: a fara da dokar ƙasa da ta jiha, har da ta wurin da za a je gasa, sannan littafin ƙungiyar da ke shirya gasar, bugun da ke aiki a wannan shekara ba wanda aboki ya karanta shekara uku da suka wuce ba, sai a zo kan bindiga. Wanda ke son kaya ɗaya ya shiga da su USPSA, IPSC, IDPA da Steel Challenge, zai nemi 9mm mai ƙota ta gaske, bututun da dokar wurinsa ta yarda da shi, kunama ta ja ɗaya harbi ɗaya, gidan harsashin da zai iya ɗura wa 30 kawai in an buƙata, da harsashin da ya auna a bindigarsa ya ga ya haura 135.